Ɓarawon da ya yi magana da bakin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da manyan wayoyi suka fara shiga hannun tsofaffi a ƙauyukanmu, ina koyarwa a wata lakwal cikin karkarar Gidan Amumune. Mahaifiyata kuwa tana gida, a wani ɗan ƙauye kusa da Korgom. Wanda ya san ƙasar ya san ba tafiyar a je da safe a dawo da azahar ba ce. Sai ka sha rairayi a kan moto har Tasawa, ka miƙe ƙafa, sannan ka sake hawa ka yi kudu. Albashin malamin makaranta kuma ba ya shiri da kuɗin esansi, don haka sai an yi hutu nake ganin gida.

Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da aka yaye ni, ɗakin kakata aka kai ni, can na tashi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In dole ta yi maganata sai ta ce "yaron nan" ko "ɗan tsohuwa", da na fara aiki kuma na koma "mushen nan". Ni ma ba na ce mata Inna, Yaya nake ce mata kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗa. In na je gaishe ta sai in durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma nan take wani aiki zai taso mata a gindin murhu, ta amsa gaisuwar tana kallon tukunya. Kowa ya san ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma ana yaba mata a kan haka. Ni ma na sani, don tsokar da ta fi kowace girma takan biyo ta hannun ƙanwata ta same ni a ɗakin kakata. Amma ba zan ɓoye muku ba, ina yaro na sha tsayawa daga nesa ina kallon ƙannena suna birgima a cinyarta, raina yana sosuwa.

Bayan rasuwar mahaifinmu na sayo mata waya a kasuwar Tasawa, ta hannu ce amma mai kyau. Na yi wa layin rajista da katinta na ɗan ƙasa, kamar yadda doka ta ce, har ina jin kaina wani mai bin ƙa'ida. Na zaci na gama maganin nisa. Ashe kira bai amfane mu da komai ba. In na bugo, sai ta ce lafiya lau, in ce ya gida, ta ce lafiya lau, sai shiru ya biyo baya har in fara jin kukan kajin gidan. Daga nan sai in ji ta miƙa wa ƙanwata, wadda ke aure a cikin garin, wai ga shi nan ana magana.

Ƙanwar tawa ce ta koya mata saƙon murya a manhajar nan ta hira da kowa ke da ita a waya: ki danna nan, ki riƙe, ki yi magana, ki saki. Ta koya, amma ba ta aiko mini da ko tari ba. Sai da matata ta haifi 'ya mace, na sa mata sunan mahaifiyata. Tun da ba mai iya kiran sunan gatsau a gidan, sai jaririyar ta zama Takwara, yadda kakarta ta fara ce mata.

Ba a daɗe da suna ba, wata rana bayan an tashi yara, na ga saƙo ya shigo daga lambar gida. Na danna ina tsammanin muryar ƙanwata. Sai na ji gyaran murya, aka ɗan yi jim, sannan:

"Takwara, kin wuni lahiya? To ki hwaɗa ma babanki an yi ruwa, mun yi shibka. Ki ce mishi in za shi hawa moto da sahe shi riƙa sa riga mai kauri. Tun shina ƙarami ƙirjinshi ba ya son sanyi."

A lokacin Takwara ba ta san komai ba a duniya sai nono da tsotsar babban yatsa. Ni kuwa na zauna a kan bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓo haɓata, na yi ta maimaita saƙon. Maganar ƙirjin ce ta kama ni. Kakata ce ta yi jinyata duk lokacin da tari ya kayar da ni ina ƙarami, ban taɓa sanin akwai wadda ke lissafe da shi daga ɗaya ɓangaren gidan ba.

Na gane dabarar, na kuwa bi ta. Na danna na ce Takwara tana gaishe da kakarta, ta ce babanta ya ji, zai sayi rigar ranar kasuwa. Haka muka buɗe hanya. Matata ta yi ta yi mana dariya, wai mun ɗauki jaririyar da ko zama ba ta iya ba mun naɗa ta tafinta ba albashi. A 'yan daminun da suka biyo, mun yi maganar da ba mu yi ba tun da aka haife ni. Takwara ta ji labarin akuyar da ta haifi tagwaye, da wanda ya yi aure, da yadda gyaɗa ta yi tsada har ƙuli-ƙulin da mahaifiyata ke soyawa ya kusa daina biyan wahalarsa. Wani lokaci kuma, in hira ta yi daɗi, sai ta koma baya. Takwara ce aka ba labarin ranar da aka haifi babanta, da yadda aka rasa ragon suna sai da kakanta ya taka har wata ruga. Ita aka gaya wa cewa akwai wata yarinya da takan ƙirƙiro aron muciya ko ɗiban wuta a ɗakin surukarta, alhali tana da nata, don kawai ta saci kallon wani yaro da ke barci a kan tabarma.

A garin da nake koyarwa rezo ba ya kama sosai sai a kan wani tudu bayan ajin zana. Nan nake hawa kullum da la'asar, waya a kunne, ina murmushi ni kaɗai. Abokina, wanda muke koyarwa tare, ya daɗe yana zargin na yi budurwa a ɓoye. Ranar da na sa masa ɗaya ya ji, sai ya yi shiru, ya ce shi ma ɗan fari ne, amma tasa uwar ba ta kai zamanin waya ba.

Abin da ya faru daga baya, ba a gabana ya faru ba, ƙanwata ce ta ba ni labari. Wata safiya wani mutum ya kira mahaifiyata. Ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe ta gaisuwar mutunci, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa da shuka, ya tambayi yara da waɗanda ke waje, ya ce ya ƙarin haƙurin rashin da aka yi. Kun san gaisuwarmu ba ta buƙatar suna, kuma ba gidan da ba a taɓa yin rashi ba. Ba ta gane muryar ba. Amma mutum ya gaishe ka har ya yi maka ta'aziyya, da wane baki za ka ce masa wa ke magana? Sai ta ƙaddara cikin dangin mahaifinmu ne, ta yi ta amsawa tana jin nauyin kanta da ta manta shi.

Ya ce dangi sun shirya saukar Alƙur'ani don iyayen da suka riga mu, ana so a sa ta a ciki. Wasu lambobi za su shigo wayarta yanzu, ta karanto masa don a tabbatar da ita. Mahaifiyata ba ta karatu, sai ta leƙa ta kan danga ta kira maƙwabciyarmu. Wannan baiwar Allah Kirista ce, mijinta manomi, a 'yar majami'arsu ta koyi karatun Hausa, kuma ita ce idon matan unguwa tun muna yara. Ita ke duba musu takardar magani, ita ke karanta wasiƙar 'yan ci-rani. Saƙon ya shigo da Faransanci. A ƙasan lambobin an rubuta kada a ba kowa su, amma ita Hausa ta iya. Ta karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada ta yi kuskure. Mutumin ya yi godiya, ya sa musu albarka su biyu, ya kashe.

Ni ina can ban san an yi ba. An fita hutun rabin safiya, yara suna ta tsalle a fili, sai wayata ta yi ƙara. Lambar mahaifiyata ce, da hoton Takwara da ƙanwata ta sa mata. Amma ba murya ba ce, rubutu ne. Kalmar farko sunana ne, sunana na yanka, cikakke. Bayansa aka ce: ɗana, ina kewarka ƙwarai. Sannan aka ce ba ta da lafiya, tana gadon likita, in tura kuɗi ta wata lamba, kada in kira don ba ta iya magana.

Ban kai ƙarshe ba na san ba ita ba ce. Rubutu ba hujja ba ne, tana iya sa a rubuta mata. Amma ko wuƙa aka sa mata a wuya, mahaifiyata ba za ta buɗe baki ta ce wa mai rubutu ya sa wannan sunan ba. Ɓarawon ya yi aikinsa da kyau, ya shiga guruf ɗin danginmu ya ga sunayen kowa, ya gane wane ne ɗan wa. Abu ɗaya ya kuskure, bai san ni ne na fari ba.

To ga inda za ku yi mini dariya. Mutum mai hankali, mai koya wa 'ya'yan mutane, da ya gane ɓarawo ne sai ya tashi ya nemi gida. Ni kuwa na koma gindin bedi na zauna, na tsura wa layin farko ido. Sunana, a ƙarƙashin lambarta. Na karanta, na sake karantawa, ina ƙoƙarin jin yadda zai fito da muryarta, inda za ta ja shi da inda za ta sauke. Ban iya ba, don ban taɓa ji ba. Sai kawai na ga yatsana ya rubuta: Na'am. Ɓarawo ya ga kifi ya taɓa ƙugiya, ya sake kiran sunan, ya ƙara da ɗan albarka. Na tambaye shi jikin, ya ce da sauƙi amma a hanzarta. Na ce wane likita ne, ya sake farawa da sunan. Ina sane nake jan zancen, kowace tambaya don a sake kira ne.

Abokina ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ya fizge wayar.

"Mushe, wanga ɓarawo ne hwa."

"Na sani."

"To mi kake yi?"

Ban ba shi amsa ba. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya mayar mini a hankali, ya ce in kira gida tun abin bai yi nisa ba.

Ashe ya riga ya yi nisa. Ƙanwata ta ruga gidan ta tarar da mahaifiyata garau tana matsar mai. Amma saƙon ya riga ya zaga dangi kaf, kowa da irin nasa. Ɗan kawuna da ke ci-rani a Agadas bai tsaya tambaya ba, ya tura abin da ya tara, don ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke ciwo. Kafin la'asar 'yan dubiya sun fara sauka. Wasu a amalanke daga ƙauyukan kusa, da ƙwaryar fura da 'yan kaji, suka shigo da fuskar jimami suka tarar da mara lafiya tana juya ƙuli a kasko. A wurin wasu abin ya zama na dariya. A wurinta kuwa ba dariya, don maganar da ta fita gari ita ce ta bi dangi tana roƙo. Matar da ko gishiri ya ƙare mata ta gwammace a sha miya lami da ta aika maƙwabta.

Na nemi izini na taho gida. Na gwada dawo da manhajar, na tarar ɓarawon ya sa nasa makullin, sai an jira kwanaki kafin a iya kore shi. Kawuna, uban wanda aka cuta, ya dage sai an kai ƙara. Tun da layin da sunanta yake, dole ita za ta je da kanta. Maƙwabciyarmu ta ce ƙafarta ƙafar mahaifiyata, tun da bakinta ne ya karanta lambobin. Tun ranar da abin ya faru ba ta iya cin abincin kirki ba, kullum tana bakin danga tana ba da haƙuri, mahaifiyata tana ce mata ta bari, ai taimako ta yi.

Muka je Tasawa wurin jandarmomi. Wanda ya karɓe mu saurayi ne mai ladabi, ya ba su kujeru, yana ce wa mahaifiyata Inna. Ya fara rubuta bayani, ya nuna ni da biro ya ce wannan ɗanta ne? Ta gyaɗa kai. Ya ce mene ne sunansa? Ɗakin ya yi tsit. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ya ɗauka ba ta ji ba, ya sake tambaya da ɗan ƙarfi. Maƙwabciyarmu ce ta yi sauri ta faɗa, ta ƙara da cewa na fari ne. Ya ce af, a yi masa afuwa, shi ma haka kakarsa take da babansa.

Sai ya nemi ganin saƙon, na miƙa masa wayata. Aikinsa ne ya karanta wa mai ƙara abin da zai shiga takarda, don ta tabbatar ba ita ta aika ba. Ya karanta a fili, tiryan-tiryan, da muryar aiki. Sunana. Ɗana. Ina kewarka ƙwarai. Da Na'am ɗin da na rubuta, da duk tambayoyin da na yi ta jerowa, da sunan yana dawowa a kan kowace amsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na rasa inda zan sa idona sai a kan takalmina. Da na saci kallonta, na ga ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Ya yi mana bayani da kyau. Ya ce akwai doka a kan irin wannan, kuma wanda aka kama zai ɗanɗana kuɗarsa. Sai dai irin waɗannan mutane da katin wani da ya ɓata suke yi wa layi rajista, in sun ci abin da suka ci su karya layin su jefar. Za a bi, amma kada mu sa rai da yawa. Ya ja kunnensu kada su ƙara karanta wa kowa lambobi, ko da ya ce shi daga kamfanin waya yake. Har mun miƙe, sai na ji muryarta daga cikin mayafi. Jandarman take tambaya, ba ni ba.

"Shi wanga mutum, shina jin abin da nike hwaɗa ma jikata?"

Ya ce a'a, tsofaffin saƙonni ba sa zuwa wurinsa, suna cikin wayarta da ta wanda ta aika wa.

"Wanda ya iya magana da bakina," in ji ta, "mi za ya hana shi ji da kunnena?"

Ya buɗe baki zai ƙara bayani, ya fasa. Ni ma da na san amsar a ilimance, na san ba za ta shiga ba.

Kwanakin jira suka cika, na kori ɓarawon, na sa makulli na biyu wanda ni da ƙanwata kaɗai muka sani. Na yi ta bayani, ta bakin ƙanwata mana, cewa yanzu ko an karanta wa mutum lambobi ba zai iya shiga ba. Mahaifiyata tana tankaɗe tana ji, ba ta ce uffan ba. Na riga na ga inda aka dosa, gabana yana ta faɗuwa. Abin da nake tsoro ba kuɗin ɗan kawuna ba ne, shi ya ma rantse ba zai karɓi ko dala daga hannunta ba. Hanyar nan tawa ta tudu nake tsoron a rufe.

Ana gobe zan koma, ƙanwata ta ce ya kamata Inna ta yi magana da muryarta a guruf ɗin dangi, kowa ya ji, a wanke sunanta. Ta yarda. Da yamma ne, muna tsakar gida, maƙwabciyarmu tana zaune a kan turmi, ni ina can gefe kusa da turken awaki ina yi kamar igiya nake gyarawa. Ta goge hannunta a zani, ta karɓi wayar, ta danna ta riƙe kamar yadda aka koya mata.

"Salamu alaikum. Ni ce da bakina. Ban yi ciwo ba, lahiyata lau, Allah shi saka ma waɗanda sunka zo dubiya. Kuma ban roƙi kowa kuɗi ba. Wanga ƙarya ce anka yi mini."

Ta saki. Ƙanwata ta ce bai isa ba, ta ƙara, ta ce duk abin da mutumin ya rubuta ƙarya ne daga farko har ƙarshe, don kowa ya huta.

"Na hwaɗi waɗanda ke ƙarya," in ji mahaifiyata.

Ƙanwata ta buɗe baki za ta yi musu, maƙwabciyarmu ta taɓa mata ƙafa. Mahaifiyata ta naɗe wayar a wani tsohon ɗankwali ta miƙa wa ƙanwata, ta ce ta riƙe ta bar mata. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuwa na daɗe a wurin awakin nan, igiyar da ba abin da ya same ta na kwance na sake ɗaurewa.

Wannan shi ne saƙon murya na ƙarshe da ta yi a duniya. Ta koma ƙaramar waya mai maɓalli, muka koma lafiya lau da shiru da kukan kaji. Na yi dabaru iri-iri. Na riƙa aika saƙon Takwara ta wayar ƙanwata, da ta fara gwaranci har ita kanta nake sa wa a baki. Ƙanwata ta ce takan ajiye aiki ta saurara, wani lokaci ta ce a sake sa mata. Amma in aka miƙa mata aka ce ta amsa, sai ta ce a gaishe su. Na ci gaba da hawa tudun nan da la'asar har aka canza mini wurin aiki, ko da na san ba abin da zai shigo.

Ba a kama mutumin ba, ko in an kama labari bai iso mu ba. Yanzu abubuwa sun ɗan canza. Ana jan kunne a rediyo da Hausa, ni ma duk taron iyayen yara sai na tsaya na ce kada a karanta wa kowa lambobi, ko ya gaishe ku har kakanninku. Nakan ga tsofaffi suna kallona wani iri, kamar ina koya musu rashin kunya, kuma da gaskiyarsu. Ɓarayin nan ba ta wautarmu suke shiga ba. Ta gaisuwa suke shiga, ta nauyin baki, ta saurin da muke yi in an ce wani ba lafiya. Doka tana iya bin kuɗi, wata rana ma ta dawo da su. Amma tsohuwar da ta yarda ta saki bakinta a gaban wani ƙarfe, aka kunyata ta a ciki, ban san ofishin da ake kai wannan ƙarar ba.

Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa 'yan shekaru bayan haka, da kaka, bayan an gama ɗaurin gero. Ina kusa da ita, kuma har ta cika ba ta sauya hali ba, ƙanwata take ce wa a ba yaron nan abinci ya sha hanya. Ina kewarta irin kewar da ban san ana yi ba, ta hirar da aka fara a makare aka kuma yanke tana tsakiya. Akwai labarai da yawa da ta ce wa Takwara sai wani jiƙon za ta ƙarasa.

In mutane suka ji labarin sukan tsine wa ɓarawon, ni ma na tsine masa ba adadi, don shi ya rufe mata baki. Sai dai in na zo tsinuwar akwai inda harshena ke sarƙewa. Duk tsawon rayuwata mahaifiyata ba ta kira sunana ba, ba ta ce tana kewata ba. Wani mugu ne ya faɗa a madadinta, aka karanta mata a gaban hukuma, aka ba ta waya a gaban dangi aka ce ta ƙaryata. Ba ta ƙaryata ba.